Canza Kan Tayarod na Hilux a Gida: Yadda Aikin Ya Gudana da Inda Ya So Ya Ɓaci

Motar akori-kura ce, Toyota Hilux ƙirar 2012, mai ƙofa huɗu, mai jan ƙafa huɗu, da injin fetur 2.7 da ake kira 2TR-FE. Tafiyarta ta haura kilomita dubu 200, mafi yawanta a hanyar burji da ta gona, ɗauke da taki a farkon damina, da buhunan masara da shinkafa idan kaka ta yi. Abu uku ne suka sa aka tsayar da ita. Akwai wani ƙwas-ƙwas da ke fitowa daga gaba ta hannun dama idan ana tafiya a hankali a kan gargada, sai ya yi shiru da zarar an hau kwalta mai laushi. Sitiyari kuma ya fara wasa: sai direba ya ɗan juya shi kafin tayoyi su amsa, motar tana bin duk wani kwari da manyan motoci suka yi wa titi. Sannan tayar gaba ta dama ta cinye ta gefen ciki har ta kusa yin sanƙo, alhali gefenta na waje da sauran zane sosai.

Mai motar yana da jak da sifanoni, yana kuma iya canza birki da baƙin mai da kansa. Wannan aikin bai fi ƙarfinsa ba. Kwance tsohon kan tayarod, wato gaɓar ƙarfen da ke haɗa sitiyari da tayar gaba, a ɗaura sabo ba ya cin awa biyu. Inda aikin yake shi ne a mayar da sandar daidai tsawon da take, a kuma tabbatar wuyan sabon ya zauna a mazauninsa. Duk ɓarnar da ake gani bayan irin wannan gyara daga ɗayan waɗannan biyun take fitowa.

Abin da ƙarfen yake yi

Tun daga ƙirar 2005, Hilux tana amfani da sitiyarin rak: wata doguwar sanda mai haƙora kwance a tsakanin tayoyin gaba, wadda ke zuwa dama ko hagu idan an juya sitiyari. A kowane ƙarshenta akwai tayarod na ciki, wanda bakanikai ke kira rak-en, gaɓarsa a ɓoye cikin roba mai lanƙwasa kamar zugazugi. Sandarsa tana da zare a ƙarshe, kuma a kan wannan zaren ake murɗa kan tayarod na waje, a danne shi da notin kulle. Shi kan na waje ƙwallo ne na ƙarfe a cikin kwanon da aka shimfiɗa wa roba mai tauri, aka cika da giris, aka rufe da 'yar robar kariya. Daga ƙwallon wuya ya fito, mai kauri a gindi, siriri a sama, ya shiga ramin hannun ƙarfen da ke jikin mariƙin taya.

Wannan wuyan ya cancanci a tsaya a kansa. Ba noti ne ke riƙe shi ba kai tsaye. Noti jan sa kawai yake yi cikin ramin har ya cije, kamar yadda tsinin ruwan gatari yake cijewa a cikin ƙota. Cijewar ita ce riƙon. Shi ya sa ko an cire noti ba ya faɗowa, shi ya sa kuma idan wuyan da ramin ba su dace da juna ba, babu ƙarfin ɗaurin da zai gyara.

Mutuwarsa kusan kullum daga 'yar robar take farawa. Zafin rana ya busar da ita, ko kara ko ƙaya su tsage ta, sai ruwan damina da jar ƙasa su shiga, giris ya koma kamar yashin goge ƙarfe, ya cinye ƙwallon da shimfiɗarsa. Ba mamaki na dama ne ya riga mutuwa. A Najeriya da Nijar ta hannun dama ake tuƙi, tayar dama ce ke faɗawa bakin kwalta da ya zaizaye duk lokacin da aka kauce wa babbar mota.

Gano mai laifi

Ƙara daga gaba ba ta nufin tayarod kai tsaye. Boljoyin, bushin, boris ɗin taya, sandar sitabilaiza, duk suna iya yin irin wannan kuka, kuma mutane da yawa sun canza ƙarfe mai lafiya sun bar mara lafiya. An yi gwaji uku.

Na farko motar tana ƙasa, injin a kashe, an buɗe makulli don sitiyari ya saki. Mutum ɗaya yana kaɗa sitiyari dama da hagu da sauri, kaɗan-kaɗan, ɗayan ya durƙusa ya dafa tafin hannu a kan kwanon tayarod da hannun ƙarfen tare, yana kiyaye yatsunsa daga tsakaninsu. A hagu su biyun suna motsi kamar abu ɗaya. A dama ana jin kwanon ya motsa tukuna, ya yi ƙwas, sannan hannun ya biyo. Wannan gwajin ya fi na jak faɗin gaskiya, domin nauyin motar yana riƙe tayar, wasan da ke cikin gaɓar ba shi da wurin ɓuya.

Na biyu an ɗaga tayar, aka kama ta ta gaba da ta baya, wato inda ƙarfe 3 da ƙarfe 9 suke a fuskar agogo, aka girgiza: akwai wasa. Aka kama ta sama da ƙasa: babu. Da a ce ta yi wasa ta sama da ƙasa, da boris ko boljoyin za a tuhuma.

Na uku shi ne wanda aka fi mantawa. Wasan gaba da baya yana iya fitowa daga tayarod na ciki. Sai a matse robar zugazugin da hannu har a ji gaɓar da ke cikinta, wani yana girgiza tayar. A nan ba a ji komai ba. Da aka haska fitila, aka ga robar kan na waje ta tsage ta baya, inda ido ba ya kaiwa daga tsaye, da wani jan gari mai kama da tsatsa a bakin tsagar. Babu sauran tababa.

Akwai dabarun da ake yi wa irin wannan gaɓa don ta ƙara kwana: a bubbuga gindin kwanon da guduma ya matse, ko a cusa guntun robar tub a ciki. Ƙarar takan ɗauke na 'yan kwanaki, amma ƙwallon da ya ci ya riga ya ci. Ranar da ya fice daga kwanon, tayar ba ta da sauran alaƙa da sitiyari, za ta juya inda ta ga dama, kuma yawanci a cikin rami ko a kan kwana hakan ke faruwa, lokacin da aka fi buƙatarta. Mota mai ɗauke da kaya da mutane a baya ba abin yi wa wannan caca ba ce.

Sayen sabo

A Kofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, idan ka ce kan tayarod na Hilux za a miƙo maka kala uku ko huɗu, farashinsu nesa da juna. Cewa "Hilux" kawai bai isa ba. Mai jan ƙafa huɗu da gajeriyar mai jan ƙafa biyu ba kaya ɗaya suke ɗauka ba, haka ƙirar 2005 zuwa 2015 da wadda ta biyo bayanta. A tafi da lambar casis, a kuma tafi da hoton tsohon, ko shi kansa idan akwai wata motar zuwa kasuwa.

Bayan na kamfanin Toyota, akwai na 555 daga Japan da na CTR daga Koriya ta Kudu, waɗanda bakanikai suka daɗe da sani. Sai dai sunan da ya yi suna shi ake yi wa jabu, don haka kwali ba shaida ba ne. Hannu ya fi kwali: wuyan sabo mai kyau yana da tauri, da ƙyar ake lanƙwasa shi da hannu, kuma idan ya motsa sumul yake motsawa, ba tsalle-tsalle. Wanda yake lilo tun a shago ya mutu kafin a ɗaura shi. A duba robar, mai kauri ce, da zoben waya da ke riƙe ta a gindi? A duba zaren, a murɗa notin da yatsa a ji ko yana tafiya lafiya.

Ɗan Beljiyam yana da amfani a wasu kayan, amma ba a nan ba. Wannan ƙarfe ne da ke cinyewa da tafiya, ba wanda ya san kilomita nawa ya yi kafin ya iso, robarsa kuma ta sha shekaru.

An sayi guda ɗaya, na kamfanin da ba Toyota ba, da noti mai tsaga-tsaga a kai da sabon fin mai ƙafa biyu da ke hana notin kwancewa, a cikin ledar.

Shiri

Tun da daddare aka goge zaren sandar da burushin ƙarfe, aka fesa man sassauta tsatsa na WD-40 a kan notin kulle da notin wuya, aka bar shi ya kwana yana shiga. Wannan minti biyar ɗin yana rage wahalar gobe da rabi. Kayan da aka tanada: jak, ƙafar ƙarfe ta tokare mota, wil-sifana mai lamba 21, soket 19 na notin wuya, manyan sifanoni biyu masu buɗaɗɗen baki na notin kulle da jikin tayarod, fulaya, guduma mai nauyin kilo ɗaya ko fiye, fular cire gaɓa idan an samu aro, tef ɗin awo mai milimita, alli ko fenti, da sifanar da ke auna ƙarfin ɗauri.

Wuri ya zama shimfiɗaɗɗe mai tauri. Idan tsakar gidan ƙasa ce, a shimfiɗa katako mai kauri a ƙarƙashin jak da ƙafar tokarewa. An miƙar da tayoyi, aka daidaita sitiyari a tsakiya, aka ja birkin hannu, aka sa giya, aka tokare tayoyin baya gaba da baya. An sassauta notocin taya shida tun tana ƙasa, sannan aka ɗaga, aka kafa ƙafar ƙarfen a ƙarƙashin firam, aka sauke nauyin a kanta. Tayar da aka cire aka tura ta kwance a ƙarƙashin firam ɗin.

Bulo na siminti ba abin tokare mota ba ne. Ba ya lanƙwasa ya yi gargaɗi, fashewa yake yi lokaci guda, kuma wannan aikin akwai bugun guduma a cikinsa. Hilux irin wannan ta kusa tan biyu ba kaya.

Kwancewa

Jerin aikin yana da muhimmanci. Notin kulle ake fara karyawa, tun kan tayarod yana cije a mazauninsa. Idan aka fara cire wuyan, sandar za ta riƙa lilo a iska, ba abin da zai riƙe ta lokacin da ake kokawa da notin da tsatsa ta kama. Sifana ɗaya ta riƙe jikin tayarod a inda aka yi masa fuska, ɗayar ta juya notin baya, rubu'in zagaye kawai. Riƙewar tana hana ƙarfin murɗawa ya tafi cikin rak. Da ya saki, aka mayar da shi da yatsa har ya taɓa bakin tayarod ɗin, don ya zama alamar inda tsohon ya tsaya.

Kafin a taɓa wani abu kuma, aka yi awo. Aka ɗiga fenti a jikin sandar ciki, can bayan zare inda ba abin da zai goge shi, aka ja layin fentin a tsaye ta sama don a gane idan sandar ta juya. Aka sa ɗigo a tsakiyar murfin kwanon, daidai bayan ƙwallo. Aka auna daga ɗigo zuwa alamar, aka rubuta a takarda. Wannan awon shi ne ya ceci aikin daga baya.

Aka miƙar da ƙafafun fin da fulaya aka zare shi. Wanda ya ruɓe ya ƙi fita, a yanke shi a tura ragowar da siririn ƙarfe. Aka kwance notin wuya, amma ba a cire shi gaba ɗaya ba, aka bar shi daidai da kan wuyan. Yana kare zaren, yana kuma tare ƙarfen kada ya yi tsalle idan ya saki.

Fula ita ce hanya mafi tsafta: a kafa ta, a ɗaure a hankali, wuyan zai saki da ƙara kamar an fasa dutse. A nan ba a samu fula ba, sai aka koma ga guduma. Ba kan wuyan ake bugu ba. Mai bugun kan wuya yana baje ƙarfen ne, noti ya ƙi fita, ƙarfin bugun kuma ya tafi a banza. Gefen hannun ƙarfen ake bugu, daidai inda ya zagaye wuyan, bugu mai kauri, a tsaye, tare da tokare ɗaya gefen da wata guduma ko ƙarfe mai nauyi. Girgizar tana matse ramin na ƙiftawar ido, sai ya tofo wuyan. An juya sitiyari don a samu filin lilo, aka kiyaye tiyon birki da wayar ABS (na'urar da ke hana birki kulle taya) da faifan birki. A bugu na shida ya saki. Wannan dabarar ta mariƙin ƙarfe ce irin na Hilux. Motar da mariƙinta na alminiyam ne ba a yi mata haka. Wuta kuma ba ta da wuri a nan, ga tiyon birki, ga roba, ga giris.

Sai aka mayar da sitiyari tsakiya, aka riƙe sandar ciki da sifana don kada ta juya, aka murɗo tsohon ana ƙirgawa da baki. Ya fita a zagaye na 17.

Yanzu da sandar ciki take a sake, lokacin sake gwada ta ne. Aka ɗaga ta aka saki: ta tsaya a inda aka bar ta, sannan ta sauka a hankali. Wadda ta faɗo nan take kamar igiya ta fara gajiya. Aka ja ta aka tura: babu wasa. Aka leƙa bakin robar zugazugin: a bushe yake. Da an ga jan man sitiyari a ciki, da sil ɗin rak ne ya mutu, wannan kuma wani aikin ne daban.

Inda ƙirge ya yi ƙarya

Abin da kowa ya sani shi ne a ƙirga zagayen fita, a mayar da sabo da adadin. An yi hakan: aka shafa ɗan giris a zaren sandar, aka murɗa sabon sau 17, ya zo ya taɓa notin kulle daidai inda tsohon ya tsaya. Da ido, aiki ya yi. Da aka ɗora tef daga tsakiyar murfi zuwa alamar fenti, sai aka ga ya fi awon takarda da milimita 3.

Dalilin a fili yake da aka jera su biyun a ƙasa. Jikin sabon, daga bakinsa zuwa tsakiyar ƙwallo, ya ɗan fi na tsohon tsawo. Ƙirge yana mayar da bakin ƙarfen ne inda yake, amma abin da taya ta sani shi ne inda ƙwallon yake. Idan kamfani ɗaya ne ya ƙera tsoho da sabo, ƙirge yakan yi daidai. Idan ba haka ba, tef ne alƙali.

Milimita 3 kamar ba komai ba, kaurin tsinken ashana ne da ɗan ɗori. Amma a yi lissafi. Zaren irin wannan sanda yana tafiyar milimita 1.5 a kowane zagaye. Hannun da tayarod ke turawa gajere ne, wajen santimita 14 daga inda tayar ke juyawa, ita kuwa tayar faɗinta daga gaba zuwa baya ya kai wajen santimita 75. Ke nan duk milimita ɗaya a sanda tana zama fiye da biyar a bakin taya. Kuskuren milimita 3 zai sa tazarar tayoyin biyu ta gaba da ta baya ta bambanta da kusan milimita 16, alhali abin da ake so bai wuce ɗaya ko biyu ba. A kan titi sitiyari zai karkata, kuskuren ya rabu tsakanin tayoyin biyu, kowacce tana gogar kwalta a kaikaice wajen mita 10 a duk kilomita ɗaya. Daga Kano zuwa Kaduna, tafiyar kusan kilomita 230, kamar an ja kowace taya ta gefe ne fiye da kilomita 2. Haka sabuwar taya take ƙarewa a wata biyu, mai mota yana zargin mai sayar da taya.

Gyaran mai sauƙi ne: aka ja notin kulle baya, aka ƙara wa sabon zagaye biyu, ya zama 19, awo ya dawo daidai. A lura cewa kan tayarod cikakken zagaye kawai yake karɓa, tunda dole wuyansa ya fuskanci ramin. Idan saura rabin milimita ne, sandar ciki ake juyawa, ba shi ba.

Ɗaurawa

Aka goge ramin da tsumma da ɗan fetur har ya bushe, aka duba ko ya zama kamar ƙwai ko yana da tsaga. Wuyan da ya taɓa yin tafiya a kwance yakan cinye ramin, kuma irin wannan ramin ba zai riƙe sabo ba. Wannan lafiya lau yake. Wuya da rami a bushe ake haɗa su, ba giris. Giris yana sa wuyan ya zarce ciki fiye da ƙima, ya kuma riƙa juyawa maimakon ya cije.

Aka zura shi da hannu aka gwada: ya zauna daram, ba ya rawa, zaren ya fito isasshe, ramin fin ya zo daidai tsagogin noti. Idan wuyan ya nutse har noti ya ƙure zare bai matse ba, ko ramin fin ya tsaya can sama da tsagogin, kayan ba na motar ba ne. Jera washa a ƙarƙashin noti ba magani ba ne, a mayar da shi shago.

Da aka fara ɗaurewa, sai wuyan ya riƙa juyawa tare da notin. Wannan yana faruwa sosai, domin bai riga ya cije ba. Maganinsa a danna kwanon cikin ramin: idan kwanon ta ƙasa yake, a sa jak da guntun katako a ɗan tura shi sama, idan ta sama yake, a danne shi da dogon ƙarfe. Turawa kaɗan ta isa, ba ɗaga motar za a yi da shi ba. Nan take ya kama.

Littafin gyara na wannan ƙirar ya ba notin wuya ƙarfin ɗauri na niyuton-mita 91. Da sifanar ta yi ƙas, tsagar ba ta zo daidai ramin ba. A nan ƙa'ida ɗaya ce: gaba ake ƙarawa, ba a komawa baya, kuma ƙarin ba ya wuce kashi ɗaya cikin shida na zagaye, wato zuwa tsaga ta gaba. Sassautawa don fin ya shiga yana sakin cijewar da aka sha wahalar samu. Aka zura sabon fin, aka lanƙwasa ƙafafunsa. Tsohon fin ya riga ya gaji a inda aka lanƙwasa shi, ƙusa kuma ba ta cika ramin, ba ta kuma buɗe ƙafa biyu. Wasu kayan suna zuwa da noti mai roba a ciki maimakon fin. Shi sau ɗaya ake ɗaura shi. Wanda ya zo da bakin giris, a buga masa har robar ta ɗan kumbura a tsaya, kada ta fashe.

Notin kulle ne na ƙarshe. Kafin a matse shi, aka daidaita kwanon ya zauna a miƙe, ba a karkace gefe guda ba, don ƙwallon ya samu filin motsi ta kowane ɓangare idan taya ta hau ko ta sauka. Aka riƙe jikin da sifana ɗaya, aka matse da ɗayar sosai. Bayan an gama, aka kama sandar da hannu aka murɗa: tana ɗan juyawa gaba da baya a kan ƙwallayenta biyu, alamar ba a ɗaure ta a maƙure ba. Aka mayar da taya, aka sauke motar, aka ɗaure notoci shida a gicciye, niyuton-mita 105.

Awo a ƙasa, sannan alaimen

An daidaita iskar tayoyin gaba, aka tura motar baya da gaba 'yan mitoci don ƙafafunta su zauna, aka tsayar da ita tana tafiya gaba, sitiyari a tsakiya. Aka sa alamar alli a tsakiyar zanen kowace tayar gaba, ta ɓangarenta na baya, a tsayi ɗaya, kusa da tsayin cibiyar taya gwargwadon yadda firam ya bari tef ya wuce. Aka auna tsakanin alamun biyu. Aka tura motar gaba har alamun suka zagayo gaba a wannan tsayin, aka sake aunawa. Amfani da alama ɗaya a awo biyun yana kawar da kuskuren tayar da ba ta da daidaito. Awon gaba ya gaza na baya da milimita 2, wato bakin tayoyin ya ɗan dubi juna. Wannan ya isa a hau titi.

Da ya fita da yawa, sai a sassauta notin kulle, a saki ƙaramin maƙalin da ke bakin robar zugazugi, a juya sandar ciki. Wanda ya manta maƙalin zai murɗe robar kamar wanki, ta tsage cikin 'yan makonni, ƙasa ta shiga rak, ƙaramin gyara ya haifi babba. Wajen sanin inda za a juya, a dubi inda sandar take: idan a gaban cibiyar taya take, ƙara mata tsawo yana buɗe bakin tayoyin waje, idan a baya take, yana rufe su ciki.

An gwada motar a hankali a cikin unguwa, aka juya sitiyari har ƙarshe dama da hagu, aka bi ta gargadar da take kuka a kai. Shiru. Wasan sitiyari ya tafi, amma a miƙaƙƙiyar hanya ya ɗan karkata hagu kaɗan. Ba a cire sitiyari a gyara masa zama saboda wannan. Akwai jakar iska da wayarta a ciki, kuma karkatar ba daga can take ba. Ana gyara ta ne a ƙasa, a rage wa sanda ɗaya abin da aka ƙara wa ɗayar.

Duk wannan awon na gida iyakarsa ya kai motar wurin alaimen, inda ake daidaita tsayuwar tayoyi da na'ura, ba tare da ta ci taya ba. Tsawon da aka kwafa daga tsohon ƙarfe ne mai wasa, a motar da ta sha ramuka, ba tabbas daidai yake tun asali. Washegari aka kai ta wurin masu na'ura, ba kaya a bayanta. Abin da ya kamata mai mota ya tsaya a kai a can: a kulle sitiyari a tsakiya kafin a fara, a daidaita ta ɓangarorin biyu ba ɗaya kawai ba, zaren da ya rage a waje dama da hagu ya zama kusan daidai, a kuma duba kwanciyar tayoyin, tunda wannan Hilux tana da kusoshin daidaitawa a hannun ƙasa, waɗanda tsatsa kan kama. Idan zaren gefe ɗaya ya fi na ɗayan da yawa, rak ɗin ba ya tsakiya, motar za ta fi juyawa ta hannu ɗaya.

Na hagu ba a canza shi ba, tunda ba ya wasa kuma robarsa ƙalau take. Da an ga ta fara tsattsagewa, canza su tare ya fi, don kada a biya kuɗin alaimen sau biyu. Tsohuwar Hilux ta kafin 2005 mai jan ƙafa huɗu da Land Cruiser akori-kura suna da akwatin sitiyari ne maimakon rak, kuma a irinsu ana samun kan tayarod mai zaren hagu, wanda ke kwancewa ta inda sauran ke ɗaurewa. A dubi kwanciyar zaren kafin a sa ƙarfi.

Tayar da ta cinye ba ta dawowa. Gefenta na ciki ya sauka ƙasa da milimita 1.6, daidai da 'yan tudun alama da ke cikin zanen, don haka aka sauke ta, aka sa sababbi biyu a gaba, ta hagun mai sauran rai ta koma safaya. Bayan tafiyar kilomita 100 aka sake bin notocin taya da sifana, aka leƙa fin yana nan, aka duba layin fentin da aka ja a kan notin kulle da jikin tayarod bayan alaimen: bai gusa ba.